Man Kitson Goggo Asibi

Yau kwana tara kaina a tsefe. Ni Hamdiyya, wadda tun ina shekara biyar ban taɓa wuce Juma'a biyu da kitso ɗaya ba, ga ni kullum ina cusa gashi cikin hula, in ɗora hijabi, in hau babur zuwa makaranta. Kuma makitsiyar a gidanmu take, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Ku bar ni in faro muku daga tushe, don in na fara daga tsakiya za ku ce ni ce marar kirki, wataƙila ma ku yi gaskiya.

Mahaifiyata ta rasu ina goye. Babana, Hayatu mai gyaran wuta, ya bi ta ina da shekara biyar. Yayarsa, Goggo Asibi, ita ta ɗauke ni. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta hannu. Duk Kauran Namoda an san kitsonta, har daga Banga da Kasuwar Daji ake kawo mata amare. Kowa man shanu take sa masa, ko man kaɗanya. Ni kaɗai nawa daban yake.

Akwai wata jarka ruwan ɗorawa a ƙarƙashin gadonta, wadda Babana ya kawo daga wurin aiki kafin ya kwanta ciwo. Man taransifoma ne. A lokacin mutane na cewa yana kashe makero, ni kuma shekarar da ya rasu makero ya cinye mini rabin kai. Goggo ta shafa mini, makero ya tafi, gashi ya fito baƙi wuluk. Tun daga nan, duk ranar kitso sai ta tsiyaya shi a murfin kwalba, ta gauraya da man shanu, ta bi kowace tsaga da ɗan yatsanta.

"Man Babanki na," haka take cewa. "Ke yab bar ma shi. Ba ni ba kowa ko ɗigo."

Da gaske take yi. Na ga matar wani babban mutum ta roƙe ta kamar za ta yi kuka, Goggo ta ce ya ƙare, alhali jarkar na ƙarƙashin gadon da matar ke zaune a kai. Warinsa irin na ɗakin injin niƙa ne, sai na bi da humra in zan fita. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina son warin nan. Ban riƙe fuskar Babana ba, warin kawai na riƙe.

To, sai Anwar.

Ɗan Shinkafi ne, gidansu gidan malamai, shi kuma aikin ɗakin gwajin jini ya karanta. Ya gan ni a firamaren Sakajiki inda nake koyar da aji uku, ranar da suka zo duba yara. Shekara biyu muna tare. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Malama, kuma in ya faɗa sai in ji kamar shi ya raɗa mini.

Bara wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo. Suna auna jinin mutane, suna neman wasu sinadarai da masana'antu suka haɗa, waɗanda in suka shiga ƙasa ko ruwa ko jikin mutum ba sa ruɓewa. Suka ɗauki Anwar ya riƙa ɗibar musu jini, tunda ya san Kaura da Zurmi da Shinkafi. Masu feshin gona suke so, da 'yan jari-bola, da masu gyaran wuta. Sannan suna son wasu da aikinsu bai haɗa su da komai ba, don a kwatanta. Ina cikin aji saƙonsa ya shigo.

"Malama, taimako nika so. Jininki."

Na rubuta, "Zuciyar da na ba ka ba ta ishe ka ba?"

"Cokali biyu kawai. Mutanen da ba ruwansu da guba muke nema, malaman makaranta irinku. Ke alli kaɗai kike shaƙa."

Na yi dariya har yara suka juyo. Ranar na ci kwalliya kamar mai zuwa biki, atamfa koriya mai ganye, mayafi ruwan madara, har da kwalli. Aka yi mini tambayoyi a takarda. Kina feshi? A'a. Kina ƙona roba? A'a. Kina aikin wuta? A'a. Ba wanda ya tambaye ni me ake sa mini a kai, ni ma ko a mafarki ban kawo ba. Na miƙa hannu na runtse ido, Anwar ya ɗiba, ya manna takarda a jikin 'yar kwalbar.

"Ba suna, lamba ce. Ba mai sanin naki ne."

"Kai fa?"

"Ni har na manta," ya ce, yana murmushi. Lambata ɗari da goma sha huɗu ce. Bai manta ba.

Wata takwas aka yi, don jinin sai da aka kai shi nesa. Cikin watannin nan aka sa mana rana, aka kawo lefe, Goggo ta baje shi a tsakar gida tana ɗaga leshi tana guɗa ita kaɗai. Saura sati shida biki, Dakta Rumaisa'u, shugabar masu binciken, ta kira ni a waya ta ce in zo da kaina.

Mace ce mai sanyin magana. Ta rufe ƙofa, ta juyo mini da takarda mai layuka.

"Hamdiyya, ki fara jin wannan: ba ki da ciwo. Gwajin nan ba ciwo yake nunawa ba, abin da ya taru a jiki yake aunawa. Akwai wani sinadari, PCB ake ce masa. Kusan kowa yana da ɗan kaɗan. Amma cikin mutum ɗari biyu da muka gwada, naki ya fi na kowa, har masu gyaran wutar."

Na ce, "Wane magani zan sha?"

"Babu maganin da ke fitar da shi. A kitsen jiki yake zama, yana raguwa a hankali, shekaru. Yana iya isa ga jariri a ciki ko ta nono, shi ya sa za mu riƙa duba ki. Mata da yawa masu shi sun haifi 'ya'yansu lafiya. Abin da ya fi komai shi ne mu san ta inda yake shigarki, mu toshe." Ta gyara gilashinta. "An fi samunsa a man tsofaffin taransifoma. Akwai wanda ke harka da shi a gidanku?"

Wallahi a take na ji warin a hancina. Na ji yatsan Goggo yana bin tsagar kaina. Na dubi Dakta ido cikin ido na ce, "A'a."

Ku zage ni in kuna so. Abu ɗaya na sa a gaba tun daga kujerar nan: Goggo ba za ta taɓa sani ba. Matar da ta hana duniya man nan don ni kaɗai, in je in ce mata guba take shafa mini? Gara a ce mini komai.

Aka kuwa ce mini komai.

Kwana uku Anwar bai kira ba. Ina tura saƙo, ina ganin ya karanta, shiru. Ran na huɗu ya zo bayan la'asar, ya tsaya a zaure bai ko zauna ba, ya rame kamar shi aka gwada.

"Na ga sakamakon tun kafin a kira ki," ya ce. "Na zauna na karanta duk abin da anka rubuta a kan abin ga. Malama, tsoro ya kama ni. Umma ta ga ba ni cin abinci, ta tsare ni."

"Ka gaya mata."

Ya sunkuyar da kai.

"Ba suna, lamba ce," na maimaita masa.

Sati bai cika ba manyansu suka zo wurin Baffa Usmanu, ƙanen Babana kuma waliyyina, suka ce a ɗan ɗaga biki sai an ga hali. Kun san garinmu. An ɗebi jinin yarinya, an ɗaga bikinta, me ya rage? Kafin kwana biyu an gama yanke mini ciwon nan da ba a kiran sunansa. A makaranta wata malama da muke shan ruwa a kofi ɗaya ta fara zuwa da nata. Baffa ya kira ni ya yi ta faɗa.

"Ke ɗiyag ga, hwaɗa man mi ag gare ki! Ni ka shan kunya cikin masallaci!"

Na ce, "Baffa, ba ni da ciwo." Ya ce to me ya sa aka ɗaga? Na ƙi faɗa, ya kore ni.

Goggo kuwa yaƙi ta shiga. Wata mata tana zaune gabanta ana kitso ta ce, "Allah dai ya ba Hamdiyya lahiya." Goggo ta zare tsinke, ta ce ta tashi. Haka matar nan ta fita da rabin kai kitse rabi tsefe, Goggo na bin ta har ƙofa tana cewa, "Ɗiyata ta hi ki lahiya, ta hi ɗiyanki!" Na shige ɗaki na toshe bakina da filo. Da ranar kitsona ta zo na ce mata Dakta ta hana a sa mini kowane irin mai sai an gama bincike. Ta yi ta mita, ta kitsa da ruwa, tana cewa likitocin zamani ba su san gashi ba.

Nauyin ya fi ƙarfina ni kaɗai, shi ne na yi wautar. Anwar ya biyo ni Sakajiki ranar Litinin, muka tsaya gindin dalbejiyar makaranta bayan an tashi yara. Ya ce Umma ba ƙina take ba, so take kawai ta san daga ina abin ya fito, ko na gado ne, ko na abin kunya ne.

Na ce, "In na gaya maka, amana?"

"Amana."

"Ka ce wallahi."

Ya ce wallahi. Na gaya masa komai, jarkar, makeron, murfin kwalbar. Na gaya masa dabarata: in an ɗaura aure, ranar da za a kai ni, zan ce Goggo ta ba ni jarkar in tafi da gadona, in miƙa wa Dakta a ɓoye. Goggo ta ƙare rayuwarta tana ganin gata ta yi mini.

Ya ce, "In ba a san tushen ba, ba za a ɗaura ba, Malama."

"To a fasa," na ce. Bakina ne ya faɗa, zuciyata na ihu.

Ya hau babur ya tafi da wuri, don hanyar Shinkafi ba a bin ta in rana ta yi sanyi.

Ranar Laraba da yamma Goggo ta tsefe mini kai, za ta kitsa Juma'a. Tana tsifa tana ba ni labarin kitson amarcin da ta tanadar mini, wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ashe a ranar maganar ta riga ta baro Shinkafi. Anwar ya gaya wa Umma. Ita kuma Umman tasa, Hajiya Ummusalma, don murna, don ta wanke sunan surukarta, ta faɗa a gidan suna gaban mata: ba ciwon komai ba ne, wani mai ne goggonta ke shafa mata a kai. Da kyakkyawar niyya ta yi, na sani. Motar kasuwa ta kawo maganar Kaura kafin a ɗaura wa jaririn laya.

Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da gidan shiru. Ranar ya kamata a kawo wata amarya daga Banga, Rabi'atu. Tabarma na shimfiɗe, tsinke da mataji na kai, man shanu a kwano, ba amarya. Daga baya na ji uwarta ce ta zo ita kaɗai, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce sun fasa, ba za su kawo kan ɗiyarsu a sa mata abin da aka sa wa Hamdiyya ba.

Goggo na zaune a kujerarta 'yar tsugunne. Jarkar na gabanta a tsakiyar gida, rana na dukanta. Ban taɓa ganinta a waje ba.

"Hamdiyya."

"Na'am, Goggo."

"Man ga na?"

Na durƙusa. Na buɗe baki in yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi fita.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Sati uku."

"Kina ji ana ce maki mai ciwo, kinka yi shiru." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta juya tafin hannunta tana kallo. "Shekara goma sha takwas. Kowa ya roƙa in hana, in ce na ɗiyata na. Ashe ɗiyan mutane nika tsarewa, ina zuba ma tawa."

Na ce, "Goggo, ba ki sani ba. Babana ma bai sani ba."

"Ni nis sa maki shi. Da yatsan ga."

Na kai hannu zan riƙe ta, ta janye.

Washegari da safe ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na zuwa gaisuwar mutuwa, ta ɗora jarkar a kai ba gammo. Na ce a kira babur, ta ce da ƙafarta za ta. Haka ta ratsa unguwa mutane na leƙe, ina biye da ita, har ofishin masu binciken. Ta sauke jarkar gaban Dakta Rumaisa'u.

"Ga shi. Ku rubuta ni ta, Asibi. Ku hwaɗa ma duniya ɗiyata ba ta da ciwo."

Dakta ta tashi tsaye. Ta sa aka ɗauke jarkar da safar hannu, ta ce za a gwada man a tabbatar. Ta ce, "Goggo, ba laifinki ba ne, kuma kawo shi da kika yi zai sa mu faɗakar da gidaje da yawa." Sannan ta kama hannun Goggo ta juya shi. "Ke kike shafawa, da hannu haka?"

"Da mi zan shahwa?"

"To ke ma sai mun ɗebi naki."

Nan ne na koma na zauna a benci. Sati uku ina gadin zuciyar Goggo, ko sau ɗaya ban tuna da hannunta ba. Ni sau biyu a wata ake sa mini, in wanke. Ita ce ke tsiyayawa, ita ke gaurayawa, ita ke murzawa, ta goge a zaninta ta tashi ta tuƙa tuwo. Na ga jininta yana hawa cikin 'yar kwalbar, aka manna lamba. Sai bayan watanni za mu ji.

Anwar ya kira sau goma sha ɗaya ranar. Ban ɗauka ba. Sai ya rubuto.

"Na san na ci amana. Ba ni da bakin kare kaina. Amma Malama, da ban faɗa ba, yaushe za a gwada Goggo?"

Na karanta har sau biyar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na tsane shi don ya karya wallahinsa, na tsani kaina don karyawar tasa ce ta kai Goggo gaban likita, kuma duk da haka in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ina fatan shi ne. Ku gaya mini yadda ake zama da abu uku haka a ƙirji ɗaya.

Sunana ya wanku. Malamar nan ta daina zuwa da kofinta. Baffa Usmanu har tsire ya aiko mini. Tabarmar Goggo kuwa tun ranar ba wadda ta zauna a kai, duk da ba ta taɓa sa wa kowa man nan ba. Ko an zo ma ba za ta yi ba. Ta naɗe tsinkayenta a tsumma ta cusa a bayan randa. Abinci in ta dafa sai ta ce in zuba da kaina.

Yau Juma'a, ranar kitsona. Da aka tashe mu daga makaranta na biya kasuwa na sayi man shanu sabo wurin wata Bafillatana, na ciro tsinken daga bayan randa. Goggo na zaune a kujerarta tana kallon bango. Na cire hijabi, na cire hula, na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta yadda nake zama tun ina shekara biyar, na ajiye kwanon a gefen ƙafarta.

"Tashi," ta ce.

"Man shanu ne zalla, Goggo. Shinshina ki ji."

"Tahi wurin Fauziyya ta bayan masallaci, ta iya."

"In ba ke ba, ba mai taɓa kan nan."

"To kina tahiya gidan miji da kai tsehe."

Na lalubo hannunta ta baya, na ɗora a kaina. Ta fizge kamar ta taɓa wuta, ta cusa hannayen biyu cikin zaninta.

"Kar ki bari in ƙara maki, ɗiyata."

A daidai nan wayata ta yi ƙara a cinyata. Anwar.

"Umma ta amince. Baba ya ce rana na nan yadda anka sa, saura kwana goma sha biyar. Don Allah ki ce wani abu."

Saƙon da na yi kusan sati uku ina roƙon Allah a kansa ke nan. Na dube shi ban ji komai ba sai gajiya. Na rubuta:

"Ranar da Goggo ta yi mini kitso, ranar zan ba ka amsa."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na kife wayar a tabarma.

Ban tashi ba, ita ma ba ta tashi ba. Aka kira sallar la'asar muna nan, man shanun ya fara narkewa a kwano. Can na ji wani ɗigo mai ɗumi ya sauka a tsakiyar kaina, daidai inda take fara sa mai, sai wani ya biyo shi. Na runtse ido, na sunkuyar da kai sosai, ina jiran yatsan ya zo ya bi tsagar.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan, bai zo ba.